Teburin Mai Shayi a Ƙasar Gazawa: Tarihin Wurin Zama da Kalmominsa

0. Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da fassara daga Faransanci zuwa Hausa ya san irin cikas ɗin da kalmar «café» take kawowa. A ajinmu mun sha ba ɗalibai wannan ƴar jimla: «Il passe ses matinées au café du quartier». Wasu su rubuta «gidan gahawa», wasu «shagon kofi», wasu kuma, musamman waɗanda suka tashi a birni, su ce «mashaya». Ta farko babu mai faɗinta a bakin kasuwa. Ta biyu tana iya nufin shagon da ake sayar da kofuna. Ta uku kuwa ta ɓata wa mutumin suna, tun da ta mai da shi mashayin giya. Ɗalibin da ya fi kusantar gaskiya shi ne wanda ya rubuta: «Kullum da safe yana wurin mai shayi».

Wannan amsa ita ce mafarin maƙalarmu. A ƙasar Gazawa babu ɗakin shan gahawa irin na Paris, mai ƙofar gilashi da kujeru da yaron aiki sanye da farar riga. Abin da ake da shi tebur ne a bakin hanya, da benci biyu ko uku, da tukunyar ruwan zafi bisa garwashi, da mutum guda wanda ya san sunan kowa. Amma hidimar da wannan tebur yake yi wa unguwa ita ce wadda «café» yake yi a can: a karya kumallo, a ji labari, a ci bashi, a jira mota ko a jira aiki. Ra'ayinmu shi ne, teburin yana da tarihi nasa na kansa, wanda bai biyo ta kwaikwayon Faransawa ba, kuma ana iya karanta wannan tarihi a cikin kalmomin da mai saye yake amfani da su in ya zo ya zauna.

Yankin da muka duba ya ƙunshi gundumomin Gazawa, Agye da Gidan Rumji na jahar Maraɗi, waɗanda babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram, ta ratsa su duka. Gazawa ta kasance ƙarƙashin Agye har shekarar 2011, lokacin da aka mai da ita gunduma. Misalan harshen da za mu kawo irin waɗanda ake ji ne a tashoshi da kasuwannin yankin. Mun rubuta su bisa daidaitacciyar ƙa'ida, sai inda lafazin wurin yake da muhimmanci.

1. Kafin shayi

A watan Janairu na 1851, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiya da sunan Abdulkarim, ya sauka Gazawa tare da ayarin gishirin Abzinawa, a kan hanyarsa daga Tasawa zuwa Katsina. Ya tarar da gari mai shinge da gwalalo, a bakin dajin da ya raba ƙasar Katsinawan Maraɗi da Katsinar da ke ƙarƙashin Sakkwato. Wato tun a wancan zamani Gazawa garin zango ce, inda baƙo yake sauka, ya nemi abin sawa a baki kafin ya ci gaba. Abin da yake samu kuwa fura ce da nono, da kunu ko koko, da tuwo in dare ya yi.

Abin da ke wartsakar da jiki ya kuma buɗe bakin hira a lokacin, goro ne. Fataken Hausawa suna ɗauko shi daga Gwanja, kuma matafiyan Turai na ƙarni na 19 sun rubuta cewa Larabawan da ke fatauci a ƙasashen nan suna kiransa «gahawar Sudan». Wannan suna yana da ma'ana sosai. Gurbin da gahawa ta cike a Masar ko Istambul, na hana barci, na karrama baƙo, na ɗaura magana, goro ya riga ya cike shi a nan. Shi ya sa Bahaushe ya daɗe da sanin sunan gahawa, bai damu da shanta ba.

Abubuwa biyu ya kamata mu riƙe daga wannan zamani. Na farko, abincin safe na sayarwa sana'ar mata ce: mai koko, mai ƙosai, mai fura. Na biyu, wurin zama daban, wurin ci daban. Ana zama a zaure, a gindin itace, a rumfar kasuwa, a fadar sarki, ko a dandali in samari ne. Ci kuwa a gida ake yi, kuma magidancin da ya san girmansa ba ya ci a idon jama'a. Teburin mai shayi, da ya zo, waɗannan al'adu biyu ya taɓa a lokaci guda: ya sa namiji ya zama mai sayar da abin karin kumallo, ya kuma haɗa zama da ci a bakin hanya.

2. Kalmomin da suka ƙetaro Sahara

2.1. Gahawa

Tarihin gahawa a duniya sananne ne, za mu taƙaita shi. Sufayen Yaman suka fara shanta a ƙarni na 15 don su jure wa zikirin dare. A 1511 hukumar Makka ta haramta ta na ɗan lokaci. Wajen 1555 aka buɗe ɗakunan shanta a Istambul, a 1652 a Landan, sannan a 1686 aka buɗe Procope a Paris. Kalmar Larabci «qahwa» ta zama «kahve» a Turkanci, daga nan ta shiga harsunan Turai. Abin sha'awa ga mai nazarin Hausa shi ne, harshen ya karɓi wannan saiwa guda sau uku, ta ƙofofi uku: «gahawa» daga Larabci, «kofi» daga Ingilishi, «kafe» daga Faransanci.

Sautin farko na «gahawa» yana faɗa mana hanyar da ta biyo. Tun a 1947 Joseph Greenberg ya nuna cewa aron Hausa daga Larabci hawa biyu ne: akwai wanda ya zo ta hanyar karatu, akwai wanda ya zo ta bakin masu magana da Larabcin yau da kullum. A kalmomin addini da shari'a, harafin ƙafun yakan zama ƙ, kamar a «alƙali», «alƙalami», «haƙƙi». A Larabcin Badawiyyai na Libiya da Sahara kuwa, g ake furta shi, kuma haka ya iso mana a «bindiga» da «gahawa». Ke nan kalmar a bakin fataken Ghadamas da Tarabulus ta zo, tare da kaya, ta zauna a harshe tun kafin Turawa.

2.2. Shayi

Sunan shayi a harsunan duniya gida biyu ne, dukansu daga ƙasar Sin. Wanda ya bi hanyar tudu ya ba da «chay» na Farisanci, «shay» na Larabci da «chai» na Swahili. Wanda ya bi teku, daga tashar Amoy a hannun Holandawa, ya ba da «thé» na Faransanci, «tea» na Ingilishi, da «atay» na Maroko, wanda ya zama «ataya» a Senegal. Hausa ta sami rabo daga gidajen biyu: «shayi» daga na farko, «ti» daga na biyu. A yankinmu «shayi» ce ta yi rinjaye, kuma danginta na kusa su ne «shahi» na Larabcin Libiya da «ashahi» na Abzinawan Nijar. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya riga ya kawo «gahawa» da «shayi».

Ganyen kansa, wato koren shayin Sin, sabo ne a Sahara fiye da yadda ake zato. Masana tarihin Maroko suna danganta yaɗuwarsa a cikin talakawa da yaƙin Kirimiya (1853-1856), lokacin da ƴan kasuwar Ingila suka karkato da hajarsu zuwa tashoshin Tanja da Mogador. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20 ya bazu cikin Abzinawa, ayarinsu kuma ya gangaro da shi kudu ta Damargu. Har yanzu jama'a suna kiran wannan dahuwa «shayin Buzaye», kuma kayanta suna ɗauke da sunayen Larabci: «sukari», «finjali», «na'a-na'a».

Ya kamata mu lura da tagwayen kalmomi biyu da ke rikita mai karatu. A rubuce, «shayi» na sha da «shayi» na kaciya babu abin da ya raba su, haka «kofi» na zuba ruwa da «kofi» na gahawa. Mahallin magana ne yake warware su, kuma daga nan ne «shagon kofi» na ɗalibanmu ya sami matsala.

3. Gyaɗa, hanya da tebur

Shayin Abzinawa ba na sayarwa ba ne. Na zango ne da na baƙunta. Kafin a sami shayin kuɗi sai da aka sami abu uku: kuɗi a hannun talaka, kayan gwangwani a kanti, da mazajen da suka kwana nesa da tukunyar gidansu. Gyaɗa ce ta kawo su duka.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma cikin shekarun da suka biyo baya noman gyaɗa ya hauro arewa har ya mamaye ƙasar Maraɗi da Tasawa. Kamfanonin Turawa irin su CFAO da SCOA suna sayen gyaɗa da kaka, suna sayar da sukari, fulawa, madarar gwangwani da ganyen shayi. Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi, ya nuna yadda wannan ciniki ya haifar da attajiran garin. Mu a nan ƙananan mutanen cinikin muke dubawa: masu awo, ƴan dako, direbobi, yaran mota da ƴan kamasho, waɗanda asuba take riska a kasuwar gyaɗa ko a tasha. Su ne masu sayen farko. Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnati ta kafa SONARA don cinikin gyaɗa da Copro-Niger don shigo da kayan masarufi, dukansu a 1962. Shimfiɗa kwalta a babbar hanya kuma ta mai da garuruwa irin su Gidan Rumji, Cadawa, Agye da Gazawa wuraren tsayawar motoci dare da rana.

A wannan lokaci ne gahawa ta shigo da gaske, amma da sabon suna. An fito da Nescafé a Suwizalan a 1938, aka buɗe masana'antarsa a Abijan a 1962. Gari ne mai narkewa a ruwan zafi, ba ya bukatar suya ko daka ko tacewa. Cokali guda ya isa. Sunan kamfani ya zama sunan abin sha, kamar yadda Lipton ya zama «lifton», wato duk baƙin shayin da ke cikin ƴar jakar takarda. Tsohuwar kalmar «gahawa» ta koma bakin malamai, alhazai da masu karanta labarai a rediyo.

Idan muka dubi sunayen kayan aikin, za mu ga abin mamaki. Ƙasar nan Faransa ta mallake ta, amma «tebur», «benci», «kofi», «burodi», «bota» da «ti» duk daga Ingilishi suke. Aron Faransanci ya tsaya ga abin da ma'aikaci yake nema: «kafe», «kafe ole», «mayonez». A ganinmu wannan hujja ce mai ƙarfi cewa sana'ar daga kudu ta shigo, daga Kano da Katsina, a hannun Hausawan da ke kai da komowa, sannan daga baya makaranta da ofis suka ɗora mata nasu kalmomin. Faransancin Nijar ma sai da ya ƙirƙiro «tablier» don ya fassara «mai tebur».

Farin 1973-1974 da durƙushewar gyaɗa da ta biyo baya sun ƙara wa sana'ar ƙarfi ta wata fuska. Samari suka bazama ci-rani, kuma sayar da shayi na cikin sana'o'in da baƙo yake iya farawa da ƙaramin jari. Ƴan Nijar sun yi suna da ita a biranen Nijeriya har zuwa Legas, inda masu wasu harsuna suka ari «mai shayi» yadda take. A Abijan kuwa «aboki» ta shiga Faransancin gari da ma'anar mai sayar da kafe da burodi a bakin titi. Korar baƙi daga Nijeriya a Janairun 1983, da rufe iyaka daga 1984 zuwa 1986, sun maido da mutane da yawa gida, da hannunsu da ya riga ya iya haɗi.

4. Mai saye a gaban tebur

4.1. Yadda ake nema

Tebur yana da lokaci biyu: daga sallar asuba zuwa hantsi, da kuma daga magariba zuwa tsakar dare. Mai shayi yana tsaye a gefe guda, gwangwanaye a jere a gabansa, burodi a cikin leda, ƙwai a faranti, kasko a kan wuta. In ya haɗa, sai ya ɗaga kofi sama yana tsiyayawa cikin wani har ya huce ya yi kumfa. Ga irin maganganun da yake ji:

(1) A haɗa mini mai kauri, da burodin dala ashirin.
(2) Ba ni ruwan bunu, kada ka cika sukari.
(3) Kafe ole ɗaya, a soya ƙwai biyu.
(4) Rubuta, sai ran kasuwa.
(5) A ba Malam, na biya.

A misali na (1), «a haɗa» ya fi «haɗa» ladabi, saboda an kauce wa umurni kai tsaye. «Mai kauri» shi ne wanda aka cika wa madara da Milo ko Bournvita. Mai nemansa yana sanar da benci cewa yau aljihunsa da nauyi. Lissafin kuɗin kuma da dala ake yinsa, dala ɗaya tana daidai da faran 5 na sefa, saboda haka dala ashirin faran 100 ke nan. Baƙon da ya iya Hausar littafi kawai, a nan yake fara tuntuɓe.

Misali na (2) shi ne kishiyar na farko. «Ruwan bunu» shayi ne ba madara, an kwatanta launinsa da na ruwan sama in ya zubo ta tsohuwar jinka. Kamar da ke tsakanin «bunu» da «bunn» na Larabci, wato ƴaƴan gahawa, tana iya ruɗin mai neman asalin kalma, amma bayanin masu harshen ya wadatar, kuma ya dace da raha irin ta Bahaushe in yana maganar rashi. Misali na (3) maganar mushe ce, malamin makaranta, ko ta ma'aikacin asibiti da jandarma. Kalmar da ya zaɓa ta nuna inda ya yi karatu.

4.2. Bashi da girmamawa

Misalai na (4) da (5) su ne zuciyar al'amarin. Mai shayi yana da ɗan littafi, ko kuwa yana riƙe lissafi a ka, kuma wa'adin biya yana bin tsarin rayuwar mai saye: ran kasuwa ga ɗan dako, ƙarshen wata ga ma'aikaci, kaka ga manomi. A shekarun 1990, lokacin da ma'aikatan gwamnatin Nijar suke yin watanni ba albashi, wannan littafi ya ciyar da malamai da yawa. Wanda aka yarda a rubuta masa ya zama ɗan gari. Wanda aka ce masa «sai da kuɗi hannu» ya san matsayinsa. Haɗarin kuwa a wuyan mai tebur yake, don ma'aikacin da aka canja wa wurin aiki yakan tafi da bashinsa.

Misali na (5) yana nuna cewa tsarin girma bai tsaya a ƙofar zaure ba. Wanda ya tarar da na gaba da shi a benci yakan biya masa, ko ya matsa ya ba shi wuri. Mai shayi yana kiran kowa da abin da ya dace da shi: Alhaji, Malam, Mushe, Maigida, ko ɗan samari; su kuma su ce masa «Mai shayi», ko Baba in ya manyanta. Ba a cewa «na gode» da yawa a nan, gaisuwa ce take da tsawo, kuma wanda ya zauna bai yi sallama ba an gane baƙo ne.

Tare da shayin akwai labari. Rediyon mai shayi na cikin jarinsa: sashen Hausa na BBC ya fara aiki a 1957, na Muryar Jamus a 1963, na Muryar Amurka a 1979, ga kuma Muryar Sahel daga Yamai. Direban da ya kwana a Damagaram ko Konni yana ƙara nasa: farashin hatsi, canjin naira, inda hanya ta lalace. Wayar hannu ta rage wa rediyo kasuwa, amma sharhin labarin har yanzu a benci ake yinsa.

Ba kowa ne yake zama ba. Mace takan aiko yaro da kofi ko kwano daga gida. Dattijo mai iyali yakan tsaya ya gaisa ya wuce, domin zamansa yana iya sa a ce ba a dafa masa a gida. Masu zaman ma suna da ƙorafinsu, kuma kusan iri ɗaya ne ko'ina: bokitin wanke kofi da ba a canja ruwansa, madarar da aka tsinka, burodin jiya da aka ce na yau ne.

4.3. Farashi da iyaka

In aka cire ruwa, gawayi da ƙwai, kusan duk abin da ke kan tebur daga waje yake zuwa. Saboda haka duk girgizar da ta sami kuɗi ko iyaka, a kofi ake fara jin ta. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kayan gwangwani suka yi tsada. Mai shayi ba ya son ƙara kuɗi a idon wanda ya sani, sai ya rage cokali. Rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 har zuwa farkon 2024, sun sake nuna yadda teburin ya dogara da kudu. Ta wannan hanyar ce kuma taliyar Indomie ta shigo, ta mai da teburin wurin cin abincin dare.

5. Fada: shayin da ba a sayarwa

Daga farkon shekarun 1990 wani wurin zama ya bayyana kusa da teburin, har wasu suna haɗa su, alhali sun bambanta. A zamanin Seyni Kountché (1974-1987) ƙungiyoyin Samariya ne suke tattara matasa ƙarƙashin hukuma. Bayan Taron Ƙasa na Yamai, daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamban 1991, Samariya ta watse, jam'iyyu suka yawaita, gwamnati kuma ta daina ɗaukar duk mai takardar shaida aiki. Samarin da suka gama makaranta ba aiki suka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, suka ɗora ƴar buta a kan gawayi, suka kira wurin «fada», ko «hwada» a lafazin Maraɗi. Florence Boyer ta yi nazarin fadodin Yamai a 2014, Adeline Masquelier kuma ta fitar da littafi a kansu a 2019.

Zaɓen kalmar abin lura ne. Fada ita ce inda sarki yake zama da fadawansa, a yi shawara, a yanke hukunci. Waɗanda ba su da ta cewa a gida ko a ofis suka ari sunan wurin da ya fi kowane iko, suka naɗa shugaba, suka sa dokoki, suka rubuta sunan fadarsu a bango. Shayin da suke sha kuwa na Abzinawa ne: koren ganye, ƙananan finjalai, dahuwa uku, ta farko mai ɗaci, ta ƙarshe mai zaƙi, abin da yakan ci sa'a guda ko fiye.

Bambancin wuraren biyu a fili yake. A tebur ana biya, kowa yana iya zama, kuma ana sha a tashi. A fada karo-karo ake yi, zama na ƴan ƙungiya ne da baƙinsu, kuma jinkirin dahuwar shi ne amfaninta ga wanda lokaci ya yi masa yawa. Tebur ɗan gyaɗa da kwalta ne. Fada ƴar rashin aiki da siyasar jam'iyyu ce. Saurayi guda yana iya karyawa a tebur da safe bisa bashi, ya kwana a fada yana jiran finjali na uku.

6. Kammalawa

Mun ga hawa huɗu a jere. Akwai zamanin goro da fura, wanda ya bar mana kunyar ci a waje. Akwai na ayari, wanda ya bar «gahawa», «shayi», «sukari» da «finjali». Akwai na gyaɗa da mota, wanda ya kawo «tebur», «benci», «burodi» daga kudu, da «kafe» daga makaranta. Akwai kuma na bayan 1991, wanda ya ba tsohuwar kalmar «fada» sabuwar ma'ana.

Daga nan muna da shawara biyu. Ga masu fassara: inda «café» yake nufin wurin zaman unguwa, «wurin mai shayi» ya fi kowace ƙirƙira isar da ma'ana, inda ake nufin ɗakin Paris kansa, gara a bayyana shi da jimla. Ga masu ƙamus: Ƙaramin Ƙamus na Abdou Mijinguini (1987) ya buɗe hanyar rubuta Hausar Nijar yadda ake faɗinta, kuma ya kamata a bi ta har bakin tebur. Idan daidaita harshe ya sa muka riƙe «kofi» muka zubar da «kafe», ko muka ɗauki «ruwan bunu» da lissafin dala a matsayin maganar tasha wadda ba ta cancanci shiga littafi ba, to mun shafe shaidar da mai tarihi zai nema gobe, domin masu wannan sana'a ba su bar takardu ba sai littafin bashi. Masu shayin da suka fara aiki a zamanin SONARA sun tsufa ƙwarai. Aikin da ke gaban sashenmu shi ne a aika ɗalibai Gazawa, Agye da Gidan Rumji da na'urar ɗaukar magana, su zauna a benci tun daga asuba, su biya kuɗin shayinsu, su rubuta abin da suka ji.